Gurbi na Ɗari Bakwai da Tara

Na yanka tafkin Dadin Kowa gida-gida
kamar mai shirya dara a kan yashi,
gurbi dubu arba'in a cikin kwamfuta,
kowanne tambayata gare shi guda ce:
kai jiƙaƙƙe ne ko busasshe?

Lissafin aro ne.
Don bakin teku aka ƙera shi,
inda ruwa kan zo sau biyu a yini, ya juya.
Ni ko teku sai a hoto.
Amma Gongola ma tana numfashi,
nata dai mai tsawo ne:
ta shaƙa da damina, ta fesar da bazara.

Tsakiyar tafki ba ta taɓa hana ni barci ba,
zurfi ya san kansa.
Tudu ma ya san kansa.
Gaɓa ce rigimar,
inda ruwa ke sirancewa kamar ɓawon albasa,
lissafi ya ce a raba da zurfi,
zurfin kuwa ya tafi sifiri.

Daren Laraba, ƙarfe biyu,
gurbi ɗaya ya ba maƙwabcinsa ruwan da ba shi da shi.
Ya ci bashi. Zurfinsa ya gaza babu.
Kafin in kurɓi shayi
bashin ya bi layi gida-gida
har tafkin duka ya tarwatse a kan allo,
aikin kwana tara.

Dakta Saraya ba ta ko ɗaga kai ba.
Ta ce, ja masa iyaka, milimita biyar.
Abin da ya gaza haka, kira shi busasshe,
amma bar masa 'yar laima ko a tsakiyar Maris,
kada ya sake tsayawa hannu rabbana.
Na ce, ai ƙarya ce.
Ta ce, ƙarama ce. Lissafa ta, ka san inda ka ajiye ta.

Sai da na ɗora taswira
na ga gurbin mai bashin nan
gonar Kawu Manu ce, ƙasan Hinna,
inda yake bin sawun ruwa da irin albasa
tun ban san hannun damana ba.

Na kai masa takarda ran Asabar.
Na ce, tara ga Janairu wurin nan zai bushe.
Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa,
ya ce, ya bushe wa wa?
Wa tarwaɗa, tun jiya ya bushe.
Wa jaki da kaya, sai an yi wata.
Ya tuɓe takalmi ya danna diddige a taɓo,
muka tsuguna muna kallon ramin.
A hankali ruwa ya taso, ya cika shi.
Ya ce, ka gani? Bai gama sallama ba.
Ranar da sawuna ya tsaya da bakinsa, ranar nake dashe.

Ban da gurbin da zan zuba wannan.

Da zan hau mashin ya riƙe mini hannu.
Tafiyarsa na iya, in ji shi, ƙafata na gaya mini.
Dawowarsa ce ke zuwa da dare.
Bara buhu goma sha ɗaya ya kwana a ciki.
Injin naka zai iya cewa yaushe?

Na ce, da kuskuren kwana huɗu, ko biyar.
Ya yi shiru, yana ƙirga a yatsu.
Ya ce, biyar ta ishe ni kwashe albasa.

Yanzu ga ni a Gombe, an ɗauke wuta,
batir ya ce saura minti arba'in.
Na rage tsawon taki, daƙiƙa ɗaya ta koma rabi,
kada wani gurbi ya sake kyauta da abin da ba nasa ba.
Shuɗi na hawa allo gida-gida.
Ɗari bakwai da bakwai.
Ɗari bakwai da takwas.
Taɓon Hinna na nan a wandona,
gefensa ya yi fari, tsakiyarsa da sauran sanyi.